Fatun da Baffa Ya Yanka

Auta ta gama karatun tattalin arziki ta dawo gida da bincikenta, kuma a kan masana'antar Baffa, ƙanin mahaifinta, ta yi shi. Masana'antar kashi biyu ce. A baya akwai majema, inda yayanta yake jeme fatun awaki har su yi laushi kamar kunnen jariri. A gaba kuma kekunan ɗinki ne, inda ake yanka fatun ana yin takalma. Takalman ba su da laifi, ba su kuma da abin yabo. Suna nan jibge cikin kwalaye har rufi, domin na waje sun fi su araha, sun fi su kyan ɗinki.

Abin da binciken ya nuna bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba, ta kuwa faɗa har bakinta ya gaji. Ba wai ba su iya takalmi ba ne. Amma duk yinin da aka kashe a kan takalmi, da jima aka yi da shi aka fitar da fatar waje, da ta sayo takalman har da saura. A bar wa masu manyan injuna takalmi, su Baffa kuma su riƙe fata, inda babu mai ja da su. Taura biyu ba ta taunuwa.

Baffa yakan saurara yana sosa gemu, ya ce, "Farfesa ta yi magana," sannan ya tambaya ko an kawo gam. A ganinsa mai sayar da fata ɗan aike ne kawai, mai takalmi shi ne mai masana'anta. Har ya fara cewa zai rufe majemar, ya sayar da filin, ya sayo sababbin kekuna. Yaya kuwa in ba jima ba, babu abin da ya iya, ga iyali.

Auta ba ta zauna ba. Ta yi ta neman masu saye a waje, har wani kamfanin safar hannu ya yarda zai turo wakili. Sharaɗinsa ɗaya: ya ga fatun sukutum, da yawa, don ya tabbata ingancin jimar ba ya canzawa. Baffa ya ce to, in baƙon ya yi oda majema ta tsira. Ita da Yaya suka zaɓi na zaɓe, suka jera a sito, sannan ta tafi babban birni neman izinin fitar da kaya, daga can ta taho da baƙon.

Tun daga ƙofa ta ga wurin ya canza. An share tsakar masana'anta, an shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, an jera takalma sababbi fil suna ƙyalli. Launin kawai ta gani ta gane fatun. Yaya yana tsaye a lungu, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta matsa kusa da Baffa ta rage murya. "Baffa, ina fatun sito?"

"Ga su nan a gabanki, mun yi musu sutura. Mutum ya ƙetaro teku, ki tare shi da fata tsirara kamar 'yan mahauta? Bari ya san mu ma mun waye."

Baƙon ya ɗauki takalmi guda. Bai dubi ɗinkin ba, bai dubi ƙasan ba. Ya sa yatsu ciki, ya murza fatar, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Ya ce wa Auta rabonsa da taɓa irin wannan har ya manta, ina sauran? Ta kai shi sito. Abin da ya rage masu tabo ne da masu huji, waɗanda ita da kanta ta ware. Ta roƙe shi ya jira a jeme wasu. Ya ce yana so, amma iyayen gidansa ba za su sa hannu a kan labari ba, kuma gobe ana jiransa a wata ƙasa da ita ma take da awaki.

Da motar ta tashi, Baffa ya dafa kafaɗarta yana murmushi.

"Farfesa, kin ga yadda yake shafa takalmin nan kuwa? Har da lumshe ido. Na gaya miki takalmi ne kasuwa. Da muna da sababbin kekuna, da bai fita hannu wofi ba."

Ta zame kafaɗarta daga hannunsa. Baffa ya ciro waya ya kira dillalin fili. Yaya kuwa ya naɗe hannun riga ya nufi baya, ya fara kwashe ruwan ramukan jima.