Jajayen Tagogin Katowice

Abdul-Wadud ya kira babansa Masahudu ta bidiyo daga Poland, yana juya waya don tsohon ya ga unguwar da ya koma a Katowice.

"Baba, dubi! Gidajen masu haƙar kwal ne, sun haura shekara ɗari. Bakin kowace taga jan fenti ne, yadda kakanninsu suka bar shi. Mutanen nan sun san darajar tarihi!"

Masahudu ya kalli jajayen tagogin a wayar. Yana zaune kan benci a unguwarsu ta Tishigu, gaban shagunan bulo da wannan ɗan nasa ya dage aka gina bara, bayan ya sa an rushe gidansu na laka, wai abin kunya ne. Ɗakin da aka binne mahaifin Masahudu, bisa al'adar gidansu, yanzu wata mata mai suna Akpene ke da shagon kitso a wurin.

"Baba, kana gani kuwa?"

Tsohon ya juya wayar, ya saita ta kan simintin shagon.

"Ina gani. Kai ma duba. Ga kakanka nan ƙarƙashin kujerar kitso. Gaishe shi, ka ba shi labarin jan fenti."