Fuskata a Cikin Waya

Malamar su Auta ta ce in rage masa kallon waya. Faɗa da baki ai ba wuya. Ita da an tashi makaranta ta huta, ni ce zan ƙwace waya a hannun yaro mai galahanga, in tsaya ina kallo yana buga goshi da ƙofar banɗaki.

Na dai bi maganarta. Na sayo ɗan agogo mai ƙararrawa, in ya buga sai in karɓe. Kullum sai mun yi dambe. Hannuna duk shatin haƙoransa, ɗinkin mutane ya taru a kan keke, babansu kuwa da ya shigo sai, "Ki bar shi mana," kamar ba shi ya ce a bi malama ba. Wallahi na gaji.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan tun da na haife shi bai taɓa kallon idona ba. In na tsuguna gabansa sai ya kalli kunnena, ko maɓallin rigata. Amma waya? Kamar zai shige ciki.

Ran nan agogo ya buga, na taso da zare a baki, na biyo ta bayansa don in fizge. Sai na ga abin da yake kallo. Ashe ba katun ba ne, ni ce. Wani bidiyo ne da yayarsa ta ɗauka da wasa, ina wanke-wanke ina mita, ɗankwali a karkace, na juyo na harari wayar na ce, "Ke, kashe abin nan!" Daidai nan yake tsayarwa. Ya ƙura wa idona ido, ya shafa da yatsa, ya mayar baya.

Yayar ta ce, "Mama, ai shi yake kallo kullum. Na zaci kin sani."

Ina zan sani? Ni da ƙwace kawai ke kawo ni.

Na zauna gefensa, na lallaɓa na kunna kyamarar gaba. Ya fara gurnani, sai ga mu mu biyu a gilashin. Ya dube ni a can, ido cikin ido, bai kau da kai ba.

Agogo na ta ihu. Na ce wa yayar, "Kashe mana shi." Na san gobe malama za ta tambaya, kuma damben bai ƙare ba. Na dai gyara ɗankwalina, tunda yau ɗana yana kallona.