Sau Biyu a Ƙirji

"Ba haka ba, Tela! Daina ihu, ba ya ji. Ɗaga hannu ya gani."

Direba ne ke magana daga kujerarsa ta ƙofar gida, bargo a gwiwa, yana haki. Ni kuwa ina tsakiyar layi, igiya ta naɗe min ƙafa, karensa yana ja na kamar buhu. Na ɗaga tafin hannu. Karen ya tsaya cak.

"Ka gani? Ya fi ka saurin ganewa."

Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya. Shi ya yi ritaya daga tuƙin bas, ni ina ɗinki a ɗakin gaba ni kaɗai tun rasuwar mai ɗakina. Ban da gaisuwa, ba abin da ke haɗa mu sai faɗa a kan karen nan, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yarfa masa tawada. Ba ya zama wuri ɗaya, gashinsa kuma sai ya manne wa duk baƙin yadin da na shanya. Na sha daka masa tsawa ta katanga, ko kunne bai taɓa kaɗawa ba, na ɗauka raini ne. Sai da ciwon zuciya ya zaunar da Direba, fita da karen ya dawo kaina, na san karen kurma ne.

"Irinsu akan haifi wasu haka," in ji shi. "Gudu safe da yamma, in ba haka ba ya cinye maka kujera. Kada ruwa ya yanke masa. In yana barci kada ka taɓa shi, zai firgita. Buga ƙafa a ƙasa."

"Me sunansa?"

"Wa zai ji sunan?" Ya bugi ƙirjinsa sau biyu da tafin hannu. Karen ya zo a guje ya ɗora kai a kan bargon. "Sunansa ke nan."

Daga baya ya faɗa min abin da ke cin sa. Ɗansa ya ce in ta Allah ta kasance, zai kai karen gadi a wani sito, a sa masa sarƙa.

"Kurma a sarƙa, ga gudu a jininsa? Ba zai yi wata ɗaya ba, Tela."

"Ni fa ban yi alkawarin riƙe shi ba. Gwiwata ma da ƙyar take ɗauka ta."

"Na sani," ya ce, bai ƙara tayar da maganar ba.

Mako biyar ina fita da karen, ina mita. Wata safiyar Talata muka dawo muka tarar da Direba a kujerar, kai ya karkace, shayinsa ya huce. Karen ya zauna a gabansa yana kallon hannuwansa. Ni kuma, da girmana, sai na sami kaina ina buga ƙafa a ƙasa. Na buga har sau uku kafin na yarda.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ya tafi ban ce masa to ba.

Kwana uku karen yana ƙarƙashin kujerar, bai ci komai ba. Ɗan ya zo da mota da sabuwar sarƙa. Ya yi fito, ya tafa hannu, ya yi tsawa, har gumi ya jiƙa masa riga. Ina tsaye a bakin ƙofata, ina tuna cewa in motar nan ta tashi, ba sauran wanda zai jira ni da safe a layin nan.

Na taka zuwa inda karen zai gan ni. Na durƙusa, gwiwa tana ƙara. Na bugi ƙirjina sau biyu.

Karen ya daɗe yana kallona. Sannan ya rarrafo ya tura hancinsa cikin hammatata.

"Baba, ka san aikin da ka ɗauko kuwa?" in ji ɗan.

"Bar min igiyar. Tafi da sarƙarka."

Ya bar min har da kujerar. Tana kusa da keken ɗinkina yanzu, karen yana barci a ƙarƙashinta bayan mun dawo daga gudu. Jiya na shimfiɗa baƙin yadi zan yanka wando, na ga fararen gashi sun cika shi. Na ɗauko buroshi, na riƙe shi jim kaɗan, na mayar da shi cikin aljihun tebur.