Dalilin da Na Bar Baƙar Tawada

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma yanzu da hagu nake riƙe alƙalami. Amma Malama Pei ta ce a rahotonta akwai filin da aka ware wa mara lafiya, babu mai cike shi sai ni. Sunayen ma za a sauya su kafin a buga.

Ina da shekara ashirin da ɗaya injin yankan yadi ya cire mini yatsu biyu na hannun dama, a wata masana'antar ɗinki a birnin Dongguan na ƙasar Sin. Raunin ya warke, ni ban warke ba. Na daina magana, kunun shinkafa ma cokali biyu nake sha in ture, hannun kuwa kullum yana ɓoye cikin riga. Shi ya sa a asibitin da nake kwance suka tura ni wurin Malama Pei, wadda ke yi wa mutane maganin damuwa ta hanyar zane. Duk Talata nake zuwa, har mako goma sha biyu.

Da na samu sauƙi, sai ta kira ni ofishinta. Ta ce tana so ta aika labarin jinyata ga wata mujallar likitoci, kuma suna da ƙa'ida mai tsauri. Sai an faɗi ranar kowane zama, da kayan da aka yi zanen da su, da magungunan da nake sha, da duk wani abin da ya faru a gefe, ko da bai yi wa mai rahoto daɗi ba. Sannan sai na ji abin da aka rubuta, na yarda, na sa hannu.

Ta karanta mini a hankali. Komai daidai, har ta kai mako na bakwai. Ta rubuta cewa a ranar na ajiye baƙar tawada da kaina, na ɗauki ja da rawaya, kuma wannan ne alamar zuciyata ta fara buɗewa. Duk rahoton a kan wannan rana ya tsaya. Wata huɗu ta yi tana rubuta shi.

Na ce mata a ba ni kwana ɗaya.

Ni dai na san ba haka aka yi ba. A mako na bakwai aka zaunar da Goggo Dou kusa da ni, wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, da can mai sayar da taliya a bakin tasha. Malama ta fita amsa waya, Goggo ta miƙa hannu ta janye tawadar da burushin daga gabana. Kunya ta hana ni cewa ta dawo da su. Ja da rawaya ne suka rage a tebur.

Na je na sami Goggo a baranda tana shan iska, na gaya mata abin da Malama ta rubuta.

"To sai me?" in ji ta. "Ke bebiya, yau kin samu baki za ki kai ƙarata? A kama ni mana, da wannan ƙafar ina zan gudu?"

"Goggo, ba ƙara ba ce. Sun ce in sa hannu a kan cewa ni na zaɓa."

"Sa musu. Yatsa takwas gare ki, bai isa sa hannu ba?"

"Likitoci ne za su karanta. Idan suka ga wata irina ta ɗauki ja, sai su ce ta warke, su sallame ta."

Ta harare ni, tana goge miyau da bayan hannu.

"Da ma can baƙi launin banza ne. Ni ce maganinki, 'yar nan. Wa ya sa kika fito da wannan guntun hannun naki? Takardata tana ta zamewa, na ce ki danne mini ko in zage ki har kakarki."

Gaskiya ta faɗa. Ranar ce na fara fito da hannun a gaban mutane, kuma ba ta ko kalle shi ba, sai mita take wai ban iya danne takarda ba.

Ina tsoron in kunyata Malama Pei. Mace mai digiri biyu, wadda ta zauna da ni mako shida ina shiru ba ta taɓa gajiya ba. Wace ce ni da zan ce ta yi kuskure? Amma ita ce da bakinta ta ce a faɗi komai, ko da babu daɗi.

Da la'asar na koma. Idona a kan takalmina na faɗa mata duka.

Kunnuwanta suka yi ja. Ta cire tabarau ta ajiye a kan takardun.

"Yumei, me ya hana ki faɗa mini tun ranar?"

"Ba ki tambaya ba, Malama. Kin dai ce ya yi kyau."

"Haka ne. Ban tambaya ba." Ta ɗauki biro ta ja layi a kan rabin shafi. "Ban ma rubuta cewa akwai wata a teburin ba. Wataƙila yanzu mujallar ba za ta karɓa ba, abin da ya rage ba shi da armashi."

"Ki yi haƙuri."

"Kada ki ba ni haƙuri, sai in ƙara jin kunya. In za ki iya, ki zo gobe mu bi zanen goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya. Ke ki faɗa, ni in rubuta."

Har yau ban tabbata abin da ya warkar da ni ba. Zanen ya ba ni wurin zama da abin yi, wannan ba zan musa ba. Amma ba ni kaɗai ba ce a teburin.

Washegari tun kafin a raba kunu na je na tsaya a ƙofar ofishinta. Da ta zo ta shimfiɗa zanen a tebur, na nuna na huɗu da hannun dama, na ce mata wannan a kife ta manna shi a rahoton.