Kuncin da Na Shafe

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran siffofin kakin zuma a wani gidan zubin tagulla a garin Pietrasanta na ƙasar Italiya, kuma sau ɗaya tak na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Idan mai fasaha ya kawo siffarsa ta kaki, ni nake bin ta da ƙarfe mai zafi in toshe ramuka in goge tabo, kafin a lulluɓe ta da laka, a narkar da kakin, a zuba tagulla a gurbinsa. Su sha yabo, mu kuma mu sha hayaƙi.

Tsohon gwani Tullio, wanda muke kira Maestro, ba ya fara siffa da yumɓu kamar sauran masu fasaha. Kai tsaye yake murza kaki da hannu, don haka abin da ya kawo shi ke nan, babu na biyu. Ranar da aka sauke sabuwar siffarsa daga mota, Gualtiero mai gidan zubin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tsaya riƙe da kofinsa har ya huce. Mace ce a tsaye, ta fi ni tsawo. Gashinta ya rikiɗe ya zama kifaye tun kafin ya kai kafaɗa. Haƙarƙarinta a buɗe kamar ƙofar kabad, ciki ga 'yar kujera ba kowa a kai. Na rantse sai da na ji kamar tana numfashi.

Sai dai kuncinta na hagu a lotse yake, ramuka huɗu a jere. Maestro ya kai shekara saba'in da takwas, hannunsa na rawa. Na ce a raina, kaico, bari in rufa wa tsoho asiri. Na ɗora ƙarfe a wuta na shafe wurin sumul, har ina yaba wa kaina.

Washegari da hantsi ya shigo yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallonta.

"Nives, wa ya taɓa fuskar nan?"

"Ni ce, Maestro. Ɗan lotsewa na gani."

"Yatsun Clelia ne."

Clelia matarsa ce, a watan Fabrairu muka binne ta. Ashe da idonta ya daina gani, sai ya ciro kan siffar ya kai mata har gado. Ta lalube fuskar don ta san yadda ya yi ta, ɗumin hannunta ya shiga kakin. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Gualtiero ya ce, "Maestro, ai Nives za ta mayar da su, hannunta ba na wasa ba ne."

"Kai sarkin surutu, yi mana shiru. Yatsun wa za ta mayar?" Ya miƙo mini hannu. "Ba ni ƙarfen."

Na ɗauka narkar da ita zai yi gaba ɗaya, na kuma san ba ni da bakin hana shi. Amma rawar hannun nan ta tsaya cak. Ya yanke kuncin duka, ya bar rami mai faɗin tafin hannu.

"A zuba ta haka."

Bayan mako uku aka fasa lakar da guduma, aka wanke ta, aka fito da ita tsakar gida. Ƙattin da suka saba zagin juna kan ƙwallo duk suka zagaye ta, ɗaya har ya cire hula. Ban taɓa ganin fuska irinta ba. Rabi tana murmushi, rabi kuma ramin nan baƙi ƙirin, sai ka ce kanta ta karkatar tana jiran a tallafe ta. Tsoro da sha'awa suka kama ni tare. Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba, sai na dawo da shi da sauri.

Maestro ya ce, "Sa mana, Nives. Duk wanda ya gan ta zai so ya rufe mata wurin."

Na sa. Tagullar da ɗumin rana a jikinta, iska kuma tana wucewa ta tsakanin yatsuna. Na juya tafin ta nan, na juya ta can, bai rufe ba.

"Na sani," in ji shi. "Ni ma na gwada."