Ƙafa Goma Sha Biyar

Saura kwana uku a ɗauki azumi amfilifayar masallacin unguwarsu, na'urar ƙara ƙarfin murya, ta mutu. Malam Jibril ne ya haɗa ta da hannunsa shekara goma da suka wuce, a zauren gidansu na Limancin Kona, inda yake tattaɓa wayoyi idan ya taso daga koyar da kimiyya a sakandare. Yana buɗe ta ya ga abin da ya ƙone: ayisi, wani baƙin abu mai faɗin biskit da ƙafafu a jere, wanda shi ne ke ɗaga murya har ta cika lasifika.

Ba masallacin ne ya fi damunsa ba. Mahaifiyarsa, Inna Barira, shekara biyu ke nan ƙafa ta hana ta fita. Yayanta, Malam Shehu, shi ke tafsiri a masallacin duk azumi, kuma ta lasifikar nan kaɗai take jin muryarsa daga ɗakinta.

Ya zaga Tudun Wada, ya zaga Sabon Gari. Duk shagon da ya miƙa ƙonannen, sai a juya shi a hannu a miƙo masa.

"Malam, wannan ai an daina yin sa tun tuni. Ka sayi sabuwar amfilifaya mana."

"Lafiyarta ƙalau, abu ɗaya ne ya ƙone."

"To abu ɗayan ne babu."

A Wusasa ya dace. Wani tsohon mai gyaran rediyo, Baba Mika'ilu, ya zaro guda ɗaya daga gwangwanin madara, wanda ya cire a tsohuwar amfilifayar cocinsu.

"Ɗan'uwan naka ne, amma ƙafafunsu ba iri ɗaya ba ne. Shi ke nan gare ni, in ka kashe shi kada ka dawo min. Gobe ka zo, kafin nan na lalubo littafin da ya faɗi aikin kowace ƙafa."

Washegari Jibril na tsaron jarrabawa, sai ya roƙi yayansa Jalo ya je. Jalo marubuci ne, littattafan Larabci yake kwafa wa malamai, ba a taɓa kama shi da tsallake wasali ba. Ya dawo da takarda tsaf: ga ayisin a zane, ga ƙafafu goma sha biyar, ƙarƙashin kowace an rubuta aikinta.

"Tsohon ya hana ni taɓa littafin," in ji Jalo. "Yana karantowa, ina rubutawa."

Jibril ya zauna bayan azahar, ya bi zanen ƙafa bayan ƙafa yana liƙa waya da dalma. Ya duba sau biyu, kamar yadda yake sa ɗalibansa su yi. Ya yi bisimilla, ya kunna.

Lasifikar ta yi gurnani sau ɗaya. Wani siririn hayaƙi ya taso, ƙauri ya cika zauren.

Ya sake duba takardar, ya ɗago ya dubi Jalo.

"Yaya, da Baba ya ce ƙafa ta ɗaya, a ina ka rubuta ta?"

Jalo ya ɗora yatsa a ƙarshen dama.

"Ta hagu ake ƙirgawa, Yaya! Ta hagu!"

"Wa ya ce min? Ni ina farawa da hagu ne? Takalmi ma da dama nake fara sawa. Su masu ƙera abin ba su da tarbiyya ne?"

"Me ya hana ka sa lamba?"

"Kai me ya hana ka tambaya, malamin kimiyya?"

Jibril ya san shi ne da laifi. Shi da kullum yake jan kunnen ɗalibai kada su amince da zanen da ba lamba. Ya cire ayisin, har yanzu da ɗumi, ya ajiye kusa da na farkon.

A daren aka ga wata. Da hantsi ya ɗauko rediyonsa, wanda ya fara haɗawa tun yana ɗalibi, ya farke bayansa, ya yanke ɓangaren kama tasha. Ya ja waya daga makirfon ɗin masallaci, ta kan katanga uku, har tagar Inna. Yana kan tsani Jummai maƙwabciyarsu ta ɗaga murya daga tsakar gidanta.

"Malam, mu fa? Ko kunnen Inna ne kaɗai ke azumi?"

"Ƙarfinsa bai wuce ɗaki ɗaya ba, Jummai. Sai dai ku shigo."

Bayan la'asar mata bakwai suka cika ɗakin, Jibril ya tsaya a bakin ƙofa. Muryar Malam Shehu ta fito siririya, tana shaƙewa.

"Ƙara murya," in ji Inna.

"Iyakarta ke nan, Inna."

Ta jawo rediyon ta manna a kunne, sauran suka matso har kawunansu na haɗuwa. Ta saurara na ɗan lokaci, ta girgiza kai.

"Wayyo, Yaya ya tsufa. Ji yadda muryarsa ta koma."

"Ba shi ba ne, Inna, rediyon ne."

"Yi mana shiru, Jibirilu, ana karatu."