Baƙin Mai a Leɓen Jibo

"Hamidu, da gwangwanin baƙin mai za ka shiga wurin mara lafiya?" in ji Atika, ta tare ƙofar ɗakin mijinta.

"Bar shi ya shigo," Jibo ya ce daga ciki. "Ba dubiya ta kawo shi ba, na san halinshi."

Gaskiya ya faɗa. Injin ban ruwan gonata ta Jiratawa ne ya canza kuka, ga albasa ta fara kwanciya. In na tada shi ya ƙone, ba inji ba albasa. Shekara ashirin katangarmu ɗaya a Sabon Gari, ban taɓa kai injina wurin wani makanike ba. Jibo ba ya taɓa inji sai ya murza manshi a yatsa, ya ji halin da ƙarfen ke ciki.

Ya tsoma yatsa, ya murza, ya sake murzawa. Ya daɗe.

"Ba na jin komai," ya ce. "Yatsun sun riga ni tafiya. Gwada."

Na murza. "Mai ne dai."

"Hannun hauya! Ko tsakuwa aka zuba ba ka ji."

Sai ya shafa man a leɓenshi na ƙasa, ya rufe ido, yana haɗa baki a hankali. Atika ta yi salati.

"Akwai gari a ciki," ya ce. "Ƙarfe na cin ƙarfe. Kada ka tada shi. Kwance shi, ka canza boris."

"Aikin kwana uku ne fa. Albasa ba ta jira."

"To ɗauki guga. Ina ce kana da baya?"

Na fito ina mita, amma na bi maganarshi. Kwana uku na yi a gona, waya ba caji. Da safe in ja ruwa a rijiya har ƙuguna ya sage, da rana in zauna gaban inji. Rabin albasar ya ƙone, rabi ya tsira. Boris ɗin da na ciro, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a ciki, ya cinye, saura ƙiris ya tarwatse.

Na jefa shi aljihu, na hau moto in je in nuna mishi. Na iske tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanshi, takalma jere bakin katanga. Tun hantsi aka kai shi.

Na samu gefe na zauna. Wani ya miƙo mini ruwa a moɗa, na karɓa da dama. Hagun na cikin aljihu, yana juya ƙarfen.